Talatar Malama

Ƙarfe goma na safiyar Talata, wani dattijo yana jiran mota a tasha, sai wata mata ta zauna kusa da shi, riƙe da littafin waƙoƙin coci.

"Sannu, Baba. Motar nan za ta sa in makara taron zumuntar mata."

"Sannu, 'yata. Ba kya aiki ne?"

"Malama ce ni, a firamaren gwamnati ta bayan asibiti, aji huɗu. Yaran yanzu, Baba, sai ƙarya! Babu tsoron Allah."

Dattijon ya gyara zama. "To, wa ke ajin yanzu?"

"Abokiyar aikina ta sa min hannu a rajista, ran Alhamis ni ma in sa mata. Ai aikin Ubangiji za ni."

"Yaran fa, me aka ce musu?"

"An ce ba ni da lafiya."

Ya tafa hannu. "Yabo ga Yesu, ashe kin warke! Jikata tana ajinki. Wata uku ke nan, duk Talata ba ta barinmu mu karya sai mun durƙusa mun yi wa Malama addu'a."

Malama ta hau gyaran ɗankwali.

"Baba, wace mota ce ke bi ta bayan asibiti?"