Alamar Sifana

A wani garejin Sabon Gari, wata mata da wani dattijo suna zaune kan benci, kowa na jiran makanike.

"Baba, don Allah, wata 'yar alamar sifana ce ta kama wuta a gaban sitiyarina. Motar ta lalace ne?"

"Ja ce ko ruwan ɗorawa?"

"Ruwan ɗorawa."

"To kwantar da hankalinki, 'yata. Tuni take miki, lokacin juyen baƙin mai ya yi."

"Ai ba ta zuwa ko'ina! Tun rasuwar maigidana bara take ajiye a gidanmu a Samaru, sai yau na fito da ita. Da safe dai nakan tayar da ita yadda ya saba, in ɗan zauna a ciki."



"Allah ya ji ƙansa. Ba tafiya kaɗai take ƙirgawa ba, har da watanni. Mai yana tsufa ko mota na tsaye. Ki riƙa fita da ita, ko nan garin Shika ne ku je ku dawo. Zama wuri ɗaya ba ya yi mata kyau."

"Ashe ita ma tana ƙirga watannin."

"Tana ƙirgawa. Tawa ma haka ta yi mini, shekarar da na rasa uwar 'ya'yana."