Kunun Kanwar Inna

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ce Lami matar Tanko, daga bayan duwatsun Roni. Waɗanda suka gan ni bara a kan jaki, an tallabe ni hagu da dama, to ga ni yau tsaye da ƙafata.

Da na haifi wannan yaron da ke bayana, gida na koma wanka wajen Inna, mahaifiyata. Ku mata kun san abin: ruwan zafi safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, sai kunun kanwa. To nawa kunun ya fi na kowa kanwa. Yayata Tani a jego ta rasu, Inna kuwa ta sa a ranta sanyi ne ya shige ta don kanwar ba ta ishe ta ba. Tun ina da ciki ta tare fataken da ke saukowa ta Babura, ta cika tukunya da jar kanwa. Ta ce ba za ta sake binne 'ya ba.

Kunun har harshe yake ci, amma ni kun san ba na musu da ƙwarya.

Ban yi nisa da wanka ba ƙafafuna suka kumbura, in an danna da yatsa sai wurin ya lotsa. Numfashi ya soma gagarata. Ba na iya kwanciya, sai dai in jingina da bango ina haki. Inna ta duba ta ce sanyi ne, ta ƙara kanwa.

Tanko ne ya durƙusa ya roƙe ta, da ƙyar ta bari ya kai ni ɗakin magani na mishan. Baturiyar da ke wurin ta saurari ƙirjina, ta tambayi abin da nake ci. Ta ce ɗan gishirin da ke cikin miya ya ishi jiki. In kanwa da gishiri suka yi yawa sai su tara ruwa, zuciya ta gaji da turawa. Ta kwantar da ni a can, ta ba ni magani, ta ce kada in ƙara kurɓar kunun nan.

Washegari da hantsi, Baturiya tana duba waɗansu, Inna ta shigo da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi.

"Sha, Lami," in ji ta. "Ita ba ta taɓa jego a ƙasar nan ba."

Tsoro ya kama ni ƙwarai. Wannan ta ce in na sha zan mutu, wannan ta ce in na bari zan mutu, kuma Inna ba ta taɓa nufi na da sharri ba. Na karɓi ƙwaryar. Na ce, "Ya Yesu, ban san wadda zan bi ba. Ka nuna mini, kada ɗana ya tashi ba uwa."

Ina rufe baki sai ƙafafun Yaya Tani suka faɗo mini a rai, yadda na gan su ranar da aka yi mata sutura.

"Inna, da ƙafar Yaya ta kumbura, me kika ba ta?"

Inna ta daɗe tana kallon ƙafata, sannan ta karɓe ƙwaryar, ta fita ta juye ta a gindin bishiya. Daga ciki ina jin kukanta.

A hankali kumburin ya sauka, na koma barci a kwance. Nono ma bai ƙafe ba, ku dubi kumatun yaron. Yabo ga Ubangiji!

Ga Inna can baya, yau ta biyo ni. Kullum ina gaya mata ba wanda ya sani a lokacin, amma har yanzu in an ambaci Tani sai ta bar ɗakin. Ku sa ta cikin addu'a. Na gode wa Yesu da ya bar mata 'ya ɗaya, ku ma ku dogara gare shi. Amin.