Numfashin Ladan Arzika

A bencin asibitin Gummi, wani dattijo yana shafa hannunsa inda aka ɗebi jini. Wani saurayi mai jar hula ya matso.

"Baba, mi ka damun ka?"

"Ba komi yanzu, alhamdu lillahi, sake duba ni kawai aka yi. Ladan ne ni, Arzika. Bara in na ja kiran salla, sai numfashi ya yanke a tsakiya. Na kawo ƙirji, likita ya kama hannu ya ɗebi jini. Na ce, yaro, ciwon sama yake!"

"Mi ya ce?"

"Wai huhu cike yake da ƙananan jijiyoyin jini. In sun ƙuntata, numfashi ya gajarta, kuma a jini ake ganewa. Ya ba ni magani, ya raba ni da gishiri."

"An dace?"

"Awo! Yanzu muryata har ƙetaren gulbi."

"Ashe kai ne! Shekara guda ina makara da asuba, ina ce wa Inna ladanmu ba shi da murya."

Dattijon ya yi ta dariya har bencin ya girgiza, bai yi tari ko ɗaya ba.

"To ɗana, gobe sai ka nemi wata hujja."