A Mayar Min da Tsohon Windo

A shagon mai gyaran kwamfuta a Rikkos, mata biyu na jira a benci.

"Hajiya, ke ma sabon Windo za a sa miki?" in ji ƙaramar.

"Ina! Tsohon na zo a mayar min."

"Ai sabon ya fi sauri."

"Ya fi, ƙanwata. Amma da aka sa shi, wasan katin da Malam ke yi tunda ya yi ritaya ya ɓace. Sati biyu ke nan yana kicin, wai yana koya min dafa gwate. Ni da na shekara talatin ina dafa masa!"

Ƙaramar ta matso kusa.

"Hajiya, meye sunan wasan? Nawa ma wata mai zuwa zai yi ritaya."