Haƙorin Dodo

"'Yata ce ta kashe dodon, baiwar Allah, don haka haƙorin nata ne!" in ji mai jan mayafi, wadda ta biyo haƙorin har ɗakin jiran likita.

Yau suka fara ganin juna da mai tabarau. 'Yan matansu ne ke ƙungiya ɗaya ta farautar dodanni.

"A cinyar 'yata ya karye," mai tabarau ta ce. "Dokar yaran ce, wanda aka ciza shi ke rataya haƙori a wuya. Likita na cirowa mu tafi da abinmu."

"Ladan kasa gudu ke nan?"

"Dodo ya san mai daɗin jini. Taki fa, ko shinshinarta ya yi?"

Maganar ta soki mai jan mayafi. Farauta bakwai 'yarta ta je, ko ƙwarzane babu, har maƙwabta na cewa yawo take tafiya.

"Sau nawa ina gaya mata ta riƙa matsawa kusa da bakinsa, ba ta ji!"

Mai tabarau ta kalle ta sama da ƙasa.

"Yanzu ke kika haife ta kuwa?"

Mai jan mayafi ta suri jakarta, ta fice, ta banko ƙofa har agogon bango ya karkace.