Tseren Sha Huɗu ga Yuli

A tashar bas ta unguwar Dokki, can a ƙasar waje, Sada, ɗalibi daga Katsina, ya ji wani tsoho yana magana shi kaɗai da Hausa.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya, ɗana. Yau sha huɗu ga Yuli, ranar bikin Faransa."

"Bikin me?"

"Wai ran nan talakawansu suka fasa kurkukun sarki. Mu ma a Damagaram Faransawa sun sa mun yi bikin. Aka yi tseren gudu, yayana Bukari ya zo na ɗaya. Kwamandan Faransawa ya ce irinsa ake nema a soja, suka tafi da shi."

"Ya dawo?"

"Shekara arba'in, ko kabarinsa ban sani ba. Kuma ni na matsa masa ya shiga tseren."

Bas ta zo, ta cika, ta tafi. Sada bai hau ba.