Farantin Ƙarƙashin Injin

A bakin rumfar mai walda, wata budurwa ta tsugunna tana gwada farantin ƙarfe a ƙarƙashin motar da ta ƙera da hannunta. Wani tsohon direba ya leƙo.

"'Yata, wannan mota ce ko gadon ƙarfe?"

"Mota ce, Baba. Sau uku dutse yana fasa min kwanon baƙin mai, ina turo ta gida ana yi min dariya. Ba za a yi na huɗu ba."

"Da noti za ki ɗaure? Wasan yara! A liƙe shi ruf da walda, kamar nawa. Ko iska ba ta shiga."

"To, in za ka juye baƙin mai, ta ina yake fita?"

Tsoho ya sosa ƙeya. "Ƙari nake yi."

"Tun yaushe?"

"Tun auren babbar 'yata."

"Jikoki nawa yanzu?"

"Huɗu." Ya waiga, ya rage murya. "In mutane sun ragu, ki leƙa min ƙarƙashin tawa."

"Yanzu ko a fasa, Baba. Ni ma a gaban mutane na koya."